Air 2S, Mini ko Phantom 4 Pro: wanne ya dace da mai koyon awon ƙasa daga sama a Gombe?

A wajen ɗaukar hoton biki, hannunka ke tuƙa jirgi mara matuƙi, idonka ke zaɓar abin da za a ɗauka. A wajen awon ƙasa kuwa manhaja ce ke tuƙi. Kana zana iyakar filin a waya, ka faɗa mata tsayin da jirgin zai tashi da yawan hawan da kowane hoto zai yi wa na kusa da shi, sai jirgin ya bi filin layi-layi kamar mai huɗa, yana ɗaukar ɗaruruwan hotuna da kyamara tana kallon ƙasa tsaye. Daga baya kwamfuta ta ɗinke hotunan su zama taswira guda da za a iya auna tsawo, faɗi da tudu a kanta. Saboda haka tambayar farko ga duk jirgin da aka ajiye maka a kan kanta ita ce: yana karɓar umarnin manhajar tsara layi ko ba ya karɓa?

Nan ne mutane da yawa ke zubar da kuɗinsu. Kamfanin DJI ba ya buɗe wa kowane jirginsa ƙofar da manhajoji irin su Dronelink, Litchi da Map Pilot ke shiga su ba da umarni, wadda ake kira SDK. Mavic 3 na gama-gari, duk da kyan kyamararsa da tsadarsa, ba a buɗe masa ita ba. Mini 2, Mini 3, Mini 3 Pro, Air 2S, Mavic 2 Pro da dangin Phantom 4 duk an buɗe musu. Sai kuma tarko na biyu, wato rimot. Rimot mai allo a jiki da ake kira DJI RC yana da kyan gani, masu shago kuma sun fi son tallata shi, amma ba a iya sa masa wata manhaja daga waje. Ga Mini da Air 2S, wanda kake buƙata shi ne RC-N1, mara allo, wanda ake maƙala wa waya. Ya fi araha, shi ne kuma mai yin aikin.

Idan aka tace da wannan rariyar, zaɓin mai koyo ya rage kusan uku.

Mini 3 Pro ya fito a 2022, nauyinsa bai kai gram 249 ba, kuma an fara sayar da shi dala 759 tare da RC-N1. Hotonsa na yau da kullum megafiksel 12 ne. 48 ɗin da aka rubuta a kwali rarraba kowane ɗigon hoto (fiksel) ne zuwa ƙanana huɗu-huɗu, ba ya ninka ingancin taswira sau huɗu, sai dai ya ninka nauyin fayil da lokacin da kwamfuta za ta ɗauka. Daga tsayin mita 100 kowane ɗigon hotonsa yana wakiltar kimanin santimita 3.5 a ƙasa. Wannan ya isa a koyi tsara layi da sarrafa hotuna. Matsalarsa rashin nauyi. A takarda yana jure iskar mita 10.7 a daƙiƙa, daidai da na Air 2S, amma a fili, idan iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas da hantsi, za ka ga yana karkacewa yana fama, batir na zuba, layin da ke fuskantar iska yana ɗaukar ninkin lokacin wanda ke bin ta. Kada kuma zancen gram 250 ya ruɗe ka. Sassaucin rajista da ake yi wa ƙananan jirage a Amurka na masu tashi don nishaɗi ne, bai shafi wanda zai karɓi kuɗin aiki a Najeriya ba.

Phantom 4 Pro V2.0, na 2018, shi ne tsohon hannu a wannan sana'a, kuma yawancin darussan da za ka samu a intanet da shi aka yi su. Farantin ɗaukar haskensa inci 1 ne, megafiksel 20, yana ba da santimita 2.74 a kowane ɗigo daga mita 100. Babban abin da ya fifita shi shi ne marufin idon kyamararsa mai motsi ne na gaske, yana buɗewa ya rufe, hoton gaba ɗaya ya ɗauku a lokaci guda. Mini da Air 2S marufinsu na lantarki ne, yana karanta hoton layi bayan layi daga sama zuwa ƙasa, alhali jirgin yana tafiya. A ƙaddara karatun ya ɗauki kashi 1 cikin 30 na daƙiƙa, jirgin kuma yana gudun mita 10 a daƙiƙa: kafin a gama karanta hoto guda ya matsa sama da santimita 30. Ido ba zai ga karkatar ba, amma lissafin tudu da gangare zai ji ta. Phantom ba shi da wannan ciwo, shi ya sa yana iya awo cikin sauri.

To me ya hana a ce kowa ya sayi Phantom? An daina ƙera shi. Duk wanda ka samu yau na hannu ne, batiransa kuma ko dai tsofaffi ne ko na wasu kamfanoni da ba ka san abin da ke cikinsu ba. Nauyinsa kilo 1.4 ne, ba ya naɗewa, akwatinsa kaɗai ya cika bayan babur. Kuma faɗuwar jirgi mai wannan nauyi a kan rufin kwano ko a kan mutum magana ce babba. Ga wanda ya riga ya iya tuƙi, ya kuma samu guda mai batura uku lafiyayyu da zai iya gwadawa a gabansa, Phantom har yanzu jirgin aiki ne. Ga wanda bai taɓa riƙe rimot ba, ban ba da shawararsa ba.

Air 2S, na 2021, shi ne ya tsaya a tsakiya, kuma shi na fi gamsuwa da shi a matsayin jirgin farko. Farantinsa inci 1 ne, megafiksel 20, girma ɗaya da na Phantom, yana ba da kusan santimita 2.9 daga mita 100. Nauyinsa gram 595, yana naɗewa ya shiga jakar goyo, ya fi Mini tsayuwa a iska nesa ba kusa ba. Dala 999 aka fara sayar da shi, na hannu kuma ya sauko sosai. Yana ganin cikas ta gaba, ta baya, ta sama da ta ƙasa, amma ba ya gani ta gefe, kuma ko ta gaban ma ba a dogara da shi ya ga siririyar wayar wuta ko busasshen reshe. Aibinsa marufin lantarkin nan ne, maganinsa kuma biyu ne masu sauƙi: ka rage gudu zuwa mita 4 ko 5 a daƙiƙa, sannan ka kunna gyaran karkatar marufi a manhajar sarrafa hotuna. Pix4Dmapper, Agisoft Metashape da WebODM duk suna da wannan saitin. A manyan filaye rage gudun zai ci maka lokaci da batir. A hekta 5 zuwa 30, wanda shi ne girman aikin da mai farawa zai fi samu, bambancin mintoci ne.

Ga lissafin aiki guda da Air 2S don a ga yadda abin yake. Fili hekta 10, misali sabon shimfiɗin filaye a bayan Tumfure. Tsayi mita 80, wanda ke ba da santimita 2.3 a ɗigo. Kowane hoto zai rufe kimanin mita 126 a faɗi da 84 a tsawo. Idan hotuna suka hau juna da kashi 80 cikin 100 ta gaba da kashi 70 ta gefe, tazarar hoto da hoto mita 17 ce, tazarar layi da layi mita 38. Hotuna wajen 160 ke nan, idan aka ƙara layi ɗaya a wajen iyaka ta kowane ɓangare su kai 200. A gudun mita 5 a daƙiƙa, ana ɗaukar hoto duk bayan daƙiƙa uku da 'yan kai, aikin ya ƙare cikin minti 11 zuwa 13. Batir guda ya isa. Layin wajen iyakar nan kada ka yi rowarsa, domin gefen taswira shi ne ya fi rauni, kuma a gefen ne turakun iyaka suke.

Minti 31 da aka rubuta wa batirin Air 2S an auna shi ne babu iska, har batir ya ƙare ƙaf. Kai kuwa dole ka sauka da saura kashi 25 zuwa 30, don haka ka yi lissafi da minti 20. Batura uku ne mafi ƙarancin abin da za a fita da shi. Zafi shi ne babban abokin gabarsu a nan. Waɗannan jirage iyakar zafin da aka yarda su yi aiki a ciki digiri 40 ne, Gombe kuwa a watan Maris da Afrilu takan kai nan da rana. Batirin da aka bari a mota a rufe ko a kan kujerar babur cikin rana zai fara kumbura, wanda ya kumbura kuma ya gama aiki, ko da yana nuna caji cike. A ajiye su a inuwa cikin kula mara ƙanƙara, a bar wanda ya sauka ya huce kafin a sa shi caji, kuma idan za a yi mako ba a fita ba a bar su a kashi 40 zuwa 60. Caji kai tsaye daga ƙaramin janareto mai hawa da sauka yana kashe caja. Inbata ta fi aminci. Wayar ma tana jin zafin: allonta zai dushe, manhaja ta tsaya ana tsakiyar layi. Lema da mai riƙe ta suna cikin kayan aiki.

Saitin kyamara ba shi da wuya amma kada a bar wa jirgin ya zaɓa. ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, 100, saurin marufi kashi 1 cikin 1000 na daƙiƙa ko fiye. A gudun mita 5, wannan yana nufin jirgin ya matsa milimita 5 kacal yayin ɗaukar hoton. Da a ce 1 cikin 100 ne, santimita 5 ke nan, ɗigo biyu sun goge. Baƙin gilashin rage haske da masu bidiyo ke sawa a cire shi, yana rage saurin da kake nema. A tsayar da daidaiton launi a kan na rana, in ba haka ba taswirar za ta fito faci-faci, wani wuri ja wani wuri shuɗi-shuɗi. A kuma rufe DJI Fly, manhajar tuƙi ta kamfanin, gaba ɗaya kafin a buɗe manhajar tsara layi, domin su biyun suna rububin kebul ɗaya ne da ya haɗa waya da rimot, kuma wannan ne sanadin yawancin kukan "manhaja ta ƙi ganin jirgi".

Yanzu ga abin da ya fi zaɓin jirgin muhimmanci, wanda masu shago ba za su faɗa maka ba. GPS ɗin da ke cikin Mini, Air 2S da Phantom 4 Pro yana iya kuskuren mita ɗaya zuwa uku a kwance, a tsaye kuma fiye da haka. Taswirar da aka haɗa da shi kaɗai za ta yi kyau a ido, amma ba za a shata iyaka ko a lissafa cikon ƙasa da ita ba. Abin da ke ɗaure ta da ƙasa shi ne alamomin da ake shimfiɗawa kafin jirgi ya tashi, a auna tsakiyar kowacce da na'urar GNSS ta safiyo, wato mai auna wuri ta tauraron ɗan adam, mai daidaiton santimita. Alama mai kyau murabba'i ce, santimita 60 kowane gefe, baƙi da fari kamar dara, a kan leda mai kauri ko katako, da fenti mara sheƙi, a kafe ta da ƙusoshi don kada iska ko awaki su gusar da ita. A hekta 10 a sa biyar, huɗu kusa da kusurwoyi ɗaya a tsakiya, idan filin yana da tudu da kwari a tabbatar akwai a kan tudun akwai a cikin kwarin. Sannan a ƙara uku da ba za a ba manhaja ta yi lissafi da su ba, na jarrabawa ne kawai. Kuskuren da aka samu a kan waɗannan ukun shi ne gaskiyar aikinka, shi ne kuma ya kamata ya shiga rahoton da za ka ba mai aiki. Idan komai ya tafi daidai, ana sa ran ninkin ɗigo ɗaya zuwa biyu a kwance, biyu zuwa uku a tsaye, wato a misalinmu santimita 2 zuwa 5 a kwance, 5 zuwa 7 a tsaye. Ba sai ka sayi na'urar GNSS tun farko ba; ka yi hayar safiyo da kayansa na rabin yini.

Akwai kuskure guda da ke maimaituwa a ƙasar nan. Jirgin yana rubuta wurin kowane hoto da tsarin WGS 84, ma'aunin wuri na duniya da GPS ke amfani da shi, alhali tsofaffin taswirorin filaye da turakun gwamnati da yawa a kan ma'aunin Minna suke. Gombe da Bauchi duk suna cikin shiyya ta 32 ta arewa a tsarin UTM, mai raba duniya shiyya-shiyya yana ba da lambobin wuri da mita, saboda haka lambobin biyu suna kama da juna sosai, mutum ya ɗauka abu ɗaya ne. Lambar tsarin WGS 84 a manhaja 32632 ce, ta Minna 26332. Idan aka cakuɗa su, filin gaba ɗaya zai gusa da sama da mita ɗari, ya hau na maƙwabci. Ka tambayi safiyon a kan wane tsari ya ba ka lambobinsa, ka sa ya rubuta maka.

Ƙasarmu ma tana da nata halin. Kyamara saman abin da ta gani take aunawa, don haka gonar dawa a watan Satumba za ta ba ka tsayin kan dawa, ba na ƙasa ba; aikin tudu da gangare bayan kaka ake yin sa. Ruwa ba ya ɗinkuwa, saboda babu wani ɗigo tsayayye da manhaja za ta gane a hotuna biyu, kuma wannan ya shafi bakin madatsar Dadin Kowa da fadamun shinkafa da aka cika da ruwa. Sabon kwano mai ƙyalli da farin yashi shimfiɗaɗɗe su ma suna barin ramuka a taswira. Ranar da hazo ya yi kauri a sauko zuwa mita 60 ko a ɗage aikin, kuma a tashi daga kan tabarma ko kwali don kada farfela ta hura ƙura cikin injin da mariƙin kyamara. A wurare masu duwatsu irin su Kaltungo da Tula, a tuna cewa jirgin daga inda ya tashi yake ƙirga tsayinsa: ka ce masa mita 80, ya bi ta kan tudu mai mita 50, saura mita 30 tsakaninsa da ƙasa, hawan hotuna ya rushe. Ko dai a tashi daga wuri mafi tudu, ko a kunna bin yanayin ƙasa a manhaja. Ga kwazazzaban zaizayar ƙasa da suka ratsa garin Gombe, hoton tsaye kaɗai ba ya ganin bangon ramin. A sake zagaye na biyu, layukan su gitta na farko, kyamara a karkace digiri 20 zuwa 30 daga tsaye. Wannan zagayen yana kuma maganin lanƙwasar da ke sa fili shimfiɗaɗɗe ya fito kamar tsakiyarsa ta kumbura. Shirwa kuma takan kai wa ƙananan jirage hari; idan ta fara zagaye, a ɗaga jirgin sama da sauri sannan a janye shi, kada a yi ƙasa, domin a sauka ta fi shi gudu.

Tsayin komawa gida, wanda jirgin ke hawa idan sadarwa ta yanke, a sa shi sama da ƙarfen sabis mafi tsawo da manyan layukan wuta na wurin. Kada a daidaita kamfas ɗin jirgin a kan dakali mai rodi ko kusa da mota.

Idan na hannu za ka saya, kada ka biya sai an tashe shi a gabanka. Duba adadin cajin kowane batir da ƙarfin kowane ɗaki nasa, wato ƙananan baturan da ke cikinsa, a manhaja. Idan ɗaya ya bambanta da sauran sosai, ko batirin yana tangaɗi a kan tebur saboda kumburi, cire shi daga ciniki. Juya kowane inji da yatsa, duk su yi laushi iri ɗaya, babu ƙarar yashi. Duba hannuwan jirgin ko akwai tsagewa ko alamar gam. Bar shi ya tsaya a sama minti biyu ba ka taɓa rimot ba, ka ga ko yana zamewa. Ɗauki hoton bangon bulo tsaye, ka buɗe a kwamfuta ka duba kusurwoyi huɗu. Jirgin da ya taɓa faɗuwa yakan bar gefe ɗaya a dushe, wannan kuma ba ya gyaruwa da saiti. Sannan mai sayarwa ya cire asusunsa na DJI daga jirgin kana tsaye.

Kwamfuta ita ce rabin kuɗin da ba a lissafawa. Hotuna 200 masu megafiksel 20 suna son RAM gigabait 16 aƙalla, 32 ya fi, da katin hoto na NVIDIA da ma'ajiyar SSD. WebODM kyauta ce idan za ka iya girka ta da kanka, QGIS ma kyauta ce don fitar da layukan tudu da auna faɗi. Da su biyun za a koyi komai kafin a biya lasisin Metashape ko Pix4D. Katin ajiya na jirgin ya zama mai alamar V30, daga hannun da ka yarda da shi, domin jabun kati yana tsallake hotuna ba tare da ya sanar ba, sai ka dawo gida ka tarar da giɓi a tsakiyar fili.

Ta fuskar doka, tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta hana tashin jirgi mara matuƙi ba tare da izininta da tantancewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ba, kuma kashi na 21 na dokokinta na 2023 a kan irin waɗannan jirage yake. Iyakar tsayi ƙafa 400 ce, kimanin mita 120, jirgin kuma kada ya ɓace wa idonka. A nisanci filin jirgin sama na Lawanti, barikoki da gidan gwamnati. Taswirar fili da za ta shiga neman takardar mallaka a GOGIS, hukumar bayanan filaye ta jihar Gombe, sai da sa hannun safiyo mai rajista da SURCON, hukumar rajistar safiyoyi ta ƙasa, don haka mai jirgi da ba safiyo ba ne a ƙarƙashin safiyo zai yi irin wannan aikin. Kafin a tashi a unguwa ko ƙauye a gaida mai unguwa ko dagaci, a sanar da ofishin 'yan sanda na yankin. Kyamarar da ke kallon ƙasa tana ganin tsakar gidajen mutane da iyalinsu, kuma magidancin da ba a gaya masa ba yana da hujjar yin fushi.

Mavic 3 Enterprise, na 2022, shi ne matakin gaba: marufi mai motsi, megafiksel 20, hoto duk bayan daƙiƙa 0.7, minti 45 a takarda, manhajar tsara layi a cikin rimot ɗinsa, da wurin ɗora na'urar RTK, mai gyara kuskuren GPS zuwa santimita, da ke rage yawan alamomin ƙasa idan akwai tashar da ke aiko bayanan gyaran a kusa. DJI ta ce yana rufe murabba'in kilomita 2 a tashi guda idan ɗigo santimita 5 ne. An fara sayar da shi sama da dala 3,000 kafin RTK da ƙarin batura. Lokacin sayensa shi ne sa'ad da ayyukan suka fara wuce hekta 100, ko aka samu kwangilar auna tsibin tsakuwa duk wata a wurin fasa dutse, inda gudun mita 5 na Air 2S zai mayar da aikin safiya ɗaya ya zama na kwana biyu.